Layin da Ilkka Ya Share

Ranar Laraba ce, wajen ƙarfe goma na safe, a filin gwajin kamfaninmu da ke bayan garin Tampere. Mu uku ne. Veikko, babban makanikenmu, yana sama cikin injin sare itace. Ƙanensa Rauno yana ƙasa a bakin gungume da tef ɗin awo. Ni kuma Outi, mai rubuta wa injin shirin da yake bi, ina gefe da kwamfuta a kan bonet ɗin mota, ina tsine wa sanyin da ke cin yatsuna.

Aikin ba wani abu ba ne, mun yi shi ya fi sau ɗari. Kan injin yana damƙe gungume tsakanin tayoyin ƙarfe biyu masu haƙora. Akwai wani ɗan maɓalli, in an taɓa shi tayoyin su motsa na ƙiftawar ido, kashi hamsin cikin dubu na sakan, gungumen ya matso tsawon tafin hannu. Sai a auna a ga ko lissafin injin ya yi daidai da na tef.

"Ƙara kaɗan," in ji Rauno. "Kaɗan fa na ce, kar ka yi mini irin zuba gishirinka a miya."

"Kai dalla yi awonka, sarkin surutu," Veikko ya ce ta taga yana dariya, ya taɓa maɓallin.

Tayoyin ba su tsaya ba. Cikakken sakan guda suka yi suna gudu da duk ƙarfinsu. Gungumen ya fito ya doki Rauno a cinya, ya kwashe shi daga ƙasa, ya haɗa shi da tarin itacen da ke bayansa. Na ji ƙarar ƙashi, irin ta busasshen reshe in an taka shi. Rauno bai yi ihu nan take ba. Ya dubi ƙafarsa da ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, ya dube ni, sannan ya buɗe baki. Jini ya rina dusar ƙanƙara har yana tururi. Veikko ya diro daga injin ba ta tsani ba, ya faɗi, ya tashi, ya zare bel ɗinsa ya ɗaure cinyar yana ja da haƙora, yana ta kiran sunan ƙanensa. Ni na kira motar asibiti, sau uku ina kuskure lamba uku kacal. Minti ashirin da biyu suka yi kafin su iso, kuma duk tsawon lokacin Rauno na ihu.

Washegari da ƙarfe tara Pentti, shugaban sashenmu, ya tara mu a ɗakin taro, mu masu rubutu da mutanen gareji baki ɗaya. Wannan haɗin shi ne wautarsa ta farko. Veikko ya zo bai runtsa ba, har da jinin jiya a bakin hannun rigarsa, ya tsaya a ƙofa.

Dole in ɗan yi bayani a nan, don in ba haka ba ba za a gane girman abin da na aikata ba.

A yaren kwamfutar da muke rubutu da shi, C++, ba a son lamba tsirara. In ka rubuta hamsin kawai, hamsin ɗin me? Sakan, ko minti, ko awa? Don haka ake liƙa wa lamba 'yar ɗafa-ƙeya, mu dai wutsiya muke ce mata. Rumbun kayan aikin da yaren ke zuwa da shi yana da nasa wutsiyoyin, kuma bai zube su a tsakar gida ba. Ɗaki-ɗaki ya yi musu: na lokaci daban, na rubutu daban, na wasu lambobin lissafi daban, dukansu cikin babban ɗaki guda. Kana iya buɗe ɗaki ɗaya ka ɗauki abin da kake so, kana iya buɗe babbar ƙofa duk su buɗe tare. Abin da ya sa hakan ba ya kawo rikici shi ne waɗanda suka tsara rumbun ba su taɓa ajiye wutsiya ɗaya don abu iri ɗaya a ɗaki biyu ba.

Ni na gina wa kamfaninmu namu rumbun, na kwaikwayi wancan, kuma na yi alfahari da shi har na gundiri mutane. Sai dai na yi abin da su ba su yi ba. Na yi ɗakin gaske, inda lokaci yake yadda Allah ya yi shi. Na kuma yi ɗakin gwaji mai wutsiyoyi iri ɗaya sak, amma an ja lokacinsa ninki ashirin, don in muna kallon hoton injin a allo ido ya iya bin motsin.

Pentti ya haska tarihin fayil ɗin maɓallin a bango. A sana'armu kowane layi yana ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi da ranar da ya taɓa. Ga shi nan da jan launi, layi ɗaya da aka share ranar Juma'ar da ta wuce, layin da ke cewa a ɗauko wutsiyar daga ɗakin gaske. A gefensa an rubuta Ilkka Saarela.

Ilkka mutum ne mai shekara hamsin da ɗoriya, siriri, mai sanƙo, wanda in ya ce maka ina kwana ya gama hirarsa ta ranar. Teburinsa na kusa da nawa shekara tara. Duk Juma'a da rana muna da al'adar shara: ka nemo layin da kake zaton ba shi da amfani, ka goge, ka sa kwamfuta ta haɗa shirin ya zama abin da injin zai iya bi, in ya haɗu kuma gwaje-gwaje sun wuce lafiya, to dama kaya ne kawai. Ilkka ya fi kowa son wannan shara.

"Na goge," ya ce a hankali. "Ya haɗu. Bai kamata ya haɗu ba in ana bukatar layin. Ban gane ba."

"Ba mu zo neman mai laifi ba," in ji Pentti, da sunan mutum ɓaro-ɓaro a bango kamar tallan magani.

Na waiga ƙofa. Veikko yana karanta sunan, leɓensa na motsi. Sai ya juya ya tafi asibiti.

Maganar Ilkka ta tsaya mini a rai, don gaskiya ya faɗa. In an share layin, kamata ya yi shirin ya ƙi haɗuwa, ya ce bai san wannan wutsiyar ba. Tun da ya haɗu, to daga wani wuri ya samo ta. Na koma teburina na shiga bin sawu, fayil bayan fayil. Ƙarfe sha ɗaya saura 'yan mintoci na same shi. A cikin wani tsohon fayil da kusan kowane fayil na injin ke janyowa, can ƙasa, akwai layi guda da ya buɗe ɗakin gwaji ya bar shi a buɗe ga kowa. Shekara huɗu yana nan. Abin da ya hana shi yin ɓarna shi ne irin layukan da Ilkka ya share, don na kusa shi ke danne na nesa. Da aka cire na kusa, sai shirin ya miƙa hannu ɗakin gwaji ya ɗauko, hamsin ɗin nan ta zama dubu. Gwaje-gwajen kuwa sun wuce ne saboda su ma da agogon gwaji suke aiki.

A gefen layin an rubuta Outi Kemppainen. Har da ɗan bayanin da na bari: na yau kawai, gobe zan cire.

Wannan zunubin, buɗe ɗaki a fayil ɗin da kowa ke janyowa, shi ne wanda na fi tsana a duniya. Na mayar wa mutane aikinsu a kansa ba adadi. Na taɓa sa wani ƙato kuka a kansa a gaban jama'a, na ce masa ko akuya aka ba kwamfuta ba za ta yi haka ba. Ga shi da hannuna na yi, wata rana da nake sauri in nuna wa baƙi hoton injin. Kuma sharar Ilkka ta Juma'a, wa ya duba ya sa hannu? Ni ce. Ina cin burodin kirfa na danna amincewa, ko karantawa ban yi ba.

Na rufe fayil ɗin. Na dubi Ilkka, yana zaune ya zuba wa allonsa ido, hannuwansa a cinya. Tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. Na ce a raina bari in sha ruwa tukuna. Na sha. Na ce bari in sake tabbatarwa, kar in ta da hankalin mutane a banza. Na tabbatar sau uku. Tsoro ne, ba wani abu ba. Na ga yadda Veikko ya karanta sunan nan, kuma ba na son ya karanta nawa.

Ranar Alhamis ce, don haka miyar koren wake da fankeke aka yi a ɗakin cin abincin kamfani, kamar yadda al'adar ƙasar take duk Alhamis. Na zauna gaban Ilkka da tirena.

"Ci mana," na ce. "Yunwa ba ta gyara shiri."

"Outi, ke kin fi ni kai. Daga ina ya samo ta?"

"Za mu gano."

"Tun safe nake tunani. Shekara talatin ban taɓa ji wa ko ƙuda ciwo ba."

"To ka ci abincinka, ka bar wannan fuskar ta makoki," na ce masa da tsawa, kamar shi ya yi mini laifi. Ya ɗauki cokali don kar ya ɓata mini rai. Na cinye nawa tas har da ƙari, abin da har yau in na tuna nake jin ƙyamar kaina.

Ƙarfe biyu lokacin kofi ne, ko gobara ake yi. Muna ɗan kicin ɗin ofis mu shida ko bakwai, kowa da safar ulu, don ba a shiga sashenmu da takalmi. Sai muka ji takun takalmin but a kan katako. Kafin ma in gan shi na san ko wane ne.

Veikko ya shigo da laka da dusar ƙanƙara a ƙafa, da babbar sifana a hannu, irin wadda ake kwance tayoyin kan injin da ita, tsawonta ya kai kamu guda.

"Sun yanke," ya ce. "Daga nan." Ya sa sifanar a saman cinyarsa. "Ya farka yana tambayata wai me ya sa yatsun ƙafarsa ke masa ƙaiƙayi."

Pentti ya ajiye kofinsa ya ɗaga hannu biyu.

"Veikko, zauna mu yi magana. Akwai bincike, akwai hanyar da ake bi..."

Sifanar ta sauka a kan tukunyar kofi. Gilashi da tafasasshen kofi suka watsu, wata abokiyar aikinmu ta yi ƙara ta dafe wuya. Ya sake kaɗa ta ya share kofunan da ke kan kantar kicin gaba ɗaya. Pentti ya ja da baya ya taka gilashi da safa, ya zauna daɓas.

"Ina mai sharar? Ina ɗan tsaftar?" in ji Veikko.

Ilkka bai gudu ba. Wawan ma miƙewa ya yi.

"Ga ni, Veikko. Ka yi haƙuri. Ban san..."

"Ba ka sani ba! Kana zaune cikin ɗumi da safarka kana goge-goge, ba ka sani ba!"

Ya cafki wuyan rigarsa ya buga shi da firij, har maganaɗisun da ke jiki suka zube. Ya sake bugawa. Tabaran Ilkka ya faɗi, leɓensa ya fashe. Na sha gabansu na riƙe hannun Veikko.

"Veikko, tsaya! Tsaya ka ji!"

"In ji me?"

Ya tsaya fa. Wannan ne abin da ba zan taɓa iya kankarewa ba. Ya tsaya ya dube ni da jajayen idanu, ya ba ni dama. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Duka ba zai dawo da ƙafar Rauno ba."

"Matsa, Outi. Ke ba ruwanki, kina can tare da mu, kin gani."

Ya ture ni da gwiwar hannu na bugu da kantar kicin. Ya ja Ilkka zuwa tebur, ya murɗe hannunsa na dama ya shimfiɗa a kan katako, ya danne wuyan hannun da nasa.

"Da wanne ka goge? Wannan? Ko wannan?"

"Veikko, don Allah."

Sifanar ta sauka. Ƙarar ba ta kai ta jiya ba, amma iri ɗaya ce. Ilkka ya yi wani irin kuka da ban taɓa zaton yana da muryar yin sa ba, ya rataye a jikin teburin. Yatsu biyu sun kwanta a gicciye, farce ɗaya ya fita, jini na bin gefen tebur yana ɗiga a safarsa. Veikko ya sake ɗaga ƙarfen.

"Ni ce!" na ce. "Ni ce, Veikko! Ba shi ba ne!"

Hannunsa ya tsaya a sama.

"Sunansa na gani a bango."

"Layin da ya share ba shi ne ya yi ɓarnar ba. Ni na bar ɗakin gwaji a buɗe, shekara huɗu da suka wuce. Da ban bari ba, da shirin ya ƙi haɗuwa, da ya mayar da layinsa a minti ɗaya. Kuma ni na sa hannu a sharar tasa ban duba ba. Sunana na nan, zan nuna maka."

"Wane ɗaki? Me kike faɗa? Ke, kar ki raina mini hankali don ki ceci abokinki."

"Na rantse maka da ran 'yata. Lokacin da ke cikin maɓallin nan nawa ne. Ni na ja shi ninki ashirin."

Ya saki Ilkka, Ilkka ya sulale ƙasa. Veikko ya dubi hannun da ya farfasa, ya dubi sifanar, ya dube ni. Ya yar da ita. Da na ga ya yar da ita na ɗauka an gama, ashe hannu yake so ya sa. Marin farko ya toshe mini kunnen hagu. Na biyu dunƙule ne, ya same ni a baki, na ji haƙori ya karye ya faɗa kan harshena. Ya damƙi gashina ya buga goshina da ƙofar kabad, sau ɗaya, sau biyu, jini ya rufe mini ido. Ban kare kaina ba. Ba jarumta ba ce, hannuwana ne suka ƙi tashi.

"Kina tsaye a wurin!" yake ta faɗa. "Kina tsaye kina kallo yana ihu! Ni na danna, kin sani? Ni na danna da yatsana!"

Sai a lokacin mazan sashenmu suka tuna maza ne. Mutum huɗu suka hau shi, aka yi ta kokawa cikin kofi da gilashi, kujera ta karye, wani ya sha gwiwar hannu a hanci. Da suka kai shi ƙasa ya daina turjewa. Ya kifa fuska a katako yana kuka yana cewa shi ya danna, shi ya danna, har 'yan sanda suka zo suka ɗaga shi. Bai yi musu gardama ba, shi ya miƙa musu hannu.

Aka zaunar da ni da Ilkka a ƙasa, jingine da bangon baranda, muna jiran motar asibiti. An naɗe masa hannu da tawul ɗin kicin, ya rungume shi a ƙirji, fuskarsa ta yi fari fat. Ni ina danne goshi da wani tawul ɗin, ina tofar da jini a kofin takarda. Pentti yana can nesa yana waya yana ɗingishi.

"Ɗakin gwaji," Ilkka ya ce, idonsa a rufe. "A fayil ɗin ma'aunai?"

"Can ƙasa."

"Shi ya sa ya haɗu." Har wani ɗan numfashin sauƙi ya saki, don shi tun safe abin da ke cinsa ke nan. "Na san bai kamata ya haɗu ba."

"Ilkka, ka yafe mini."

"Kowa na yin kuskure, Outi. Ni ma da na duba da kyau..." Ya buɗe ido ya juyo a hankali. Ba tabarau, sai idanun suka yi mini ƙanana. "Ba ki taɓa kwamfuta ba tun da muka shigo shan kofi."

"A'a."

"To yaushe kika gano?"

Ina iya cewa ƙarfe biyu saura minti biyar. Ba mai ƙaryata ni. Amma na gaji, kuma bakina ya riga ya fashe.

"Sha ɗaya saura."

Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, ya ƙanƙance ido don ya gani. Biyu da rabi ta wuce.

"Kafin abinci," ya ce.

"E."

"Kika zauna gabana. Na tambaye ki. Kika ce in ci miyata."

Ya daɗe yana kallon tawul ɗin da ke hannunsa, jini ya riga ya huda shi. Ma'aikatan asibiti suka shigo da jakunkunansu, wata mace ta durƙusa tsakaninmu ta ce mota ɗaya ce, amma za ta ɗauke mu mu biyu in ba damuwa.

"Ku tafi da ita," in ji Ilkka. "Ni zan jira wata."

"Hannunka ya fi nata tsanani, bai kamata ka jira ba."

"Zan jira," ya ce.